Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalar Kwamfuta da Ke Yawan Dawowa

Kwamfutar da ta tsaya cak sau ɗaya sannan ta ci gaba da aikinta lafiya daban take da wadda ke maimaita kuskure iri ɗaya kowane mako ko kowace rana. Ta biyun ce ake magana a kanta a nan. Yawancin bayanan sun shafi Windows 10 da Windows 11, domin su ne suka fi yawa a kwamfutocin gida, kuma an bar sunayen maɓallai da na umarni kamar yadda suke bayyana a allo saboda a same su cikin sauƙi.

Kwamfutata ta daskare sau ɗaya, na kashe na kunna ta dawo daidai. Shin abin damuwa ne?

A mafi yawan lokuta ba abin damuwa ba ne, domin babu babbar manhajar da ba ta tuntuɓe jefi-jefi. Abin lura kawai shi ne, a Windows 10 da 11 akwai tsarin saurin kunnawa da ake kira Fast Startup, wanda ke sa Shut down ya adana wani ɓangare na halin da tsarin yake ciki, ya kuma dawo da shi idan an sake kunnawa. Saboda haka wanda yake so kwamfutar ta fara daga tushe sai ya zaɓi Restart. Idan bayan haka matsalar ta sake dawowa a yanayi mai kama da na farko, to lokacin bincike ya yi.

Mene ne abu na farko da ya kamata a yi idan kuskure ya fara maimaituwa?

A kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri daban kafin a taɓa komai. Hotuna da takardun aiki da na karatu su ne abin da ba a sayowa a kasuwa idan sun salwanta, kuma wasu daga cikin matakan gyara, musamman waɗanda ke tilasta wa faifan ajiya karanta kowane lungu nasa, suna iya ƙarasa faifan da dama yake gab da mutuwa. Kwafin ya kasance a filashi, ko faifan waje, ko ma'ajiyar intanet. Kwafin da aka ajiye a wani ɓangare na faifan da ke cikin kwamfutar, kamar daga C zuwa D, ba ya tsinana komai idan faifan ne ya lalace, domin ɓangarorin biyu sau da yawa a jiki ɗaya suke.

Abu na biyu shi ne rubutawa. Duk lokacin da matsalar ta auku, a rubuta rana da lokaci, da abin da ake yi a daidai lokacin, da ainihin saƙon da ya bayyana harafi da harafi, ko a ɗauki hotonsa da waya. A ƙara da wasu bayanai da mutane ke rainawa: kwamfutar na jone da caja ne ko a kan batir take, ta daɗe a kunne ko yanzu aka kunna ta, an jona mata firinta ko filashi, ta tashi daga barci ne ko kuwa. Bayan aukuwa huɗu ko biyar, sau da yawa za a ga zaren da ya haɗa su. Kwamfutar da ke mutuwa duk lokacin da ake kallon bidiyo na tsawon lokaci tana nuni ga zafi ko katin hoto. Wadda ke yin kuskure da zarar an buɗe murfinta bayan barci tana nuni ga direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na kwamfutar. Wadda ba ta da wani tsayayyen lokaci, kuma saƙonta ke sauyawa kullum, ta fi nuni ga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko wutar da ke shiga cikinta.

Abu na uku ya fi wahalar kiyayewa ga wanda ransa ya ɓaci: a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, sannan a jira a ga sakamako. Wanda ya sabunta direbobi biyar, ya cire manhajoji uku, ya goge ƙura duk a yini ɗaya, ko da matsalar ta tafi bai san abin da ya kore ta ba, kuma idan ta dawo zai koma inda ya faro.

Me shuɗin allo yake nufi, kuma yaya ake karanta shi?

Shuɗin allo yana bayyana ne idan Windows ta gano kuskure a can cikin zuciyar tsarin, inda ci gaba da aiki zai iya lalata bayanai, sai ta tsayar da komai da gangan. A sababbin nau'o'in Windows 11 launin ya koma baƙi, amma ma'anar ba ta sauya ba. Abin da ake buƙata a jikinsa shi ne lambar tsayawa da ke ƙasa, da kuma sunan fayil idan an ambace shi, wanda yawanci ke ƙarewa da .sys.

Kowace lamba tana nuna inda za a fara dubawa. MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA suna yawan alaƙa da RAM ko direban da ya taɓa wurin da ba nasa ba a cikinta. IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL galibi direba ne. DPC_WATCHDOG_VIOLATION na nufin wani direba ya riƙe masarrafa, wato processor, fiye da lokacin da aka ɗebar masa, kuma direban faifan ajiya na cikin waɗanda ake fara zargi. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nufin Windows ta kasa isa ga faifan da take kai, ko dai saboda faifan, ko saboda an sauya wani saiti a BIOS, wato tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa rahoto ne daga kayan ƙarfen kansu, wato sassan jikin kwamfutar, don haka ana duban zafi da wuta da masarrafa. Sai dai lambar alama ce kawai, ba hukunci ba ce. Sunan fayil ɗin ya fi ta amfani: idan aka ga nvlddmkm.sys, direban katin hoto na NVIDIA ne. Idan kuma ntoskrnl.exe aka ambata, wannan ita ce zuciyar Windows kanta, kuma yawanci a hannunta abin ya fashe ne kawai, mai laifin yana wani wuri.

Idan allon yana ɓacewa kafin a karanta, a danna maɓallin Windows da R domin buɗe akwatin Run, a rubuta sysdm.cpl, a shiga Advanced, sannan Startup and Recovery, a cire alamar da ke kan Automatically restart. Haka kuma Windows na ajiye ƙananan fayilolin rahoto a C:\Windows\Minidump, waɗanda ake buɗewa da manhajar WinDbg ta Microsoft ko BlueScreenView.

Abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024 ya nuna ƙarfin manhajar da ke aiki a wannan zurfin. Sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, bisa ƙiyasin Microsoft, har zirga-zirgar jiragen sama da ayyukan asibitoci suka samu cikas. Kwamfutocin ma'aikatu abin ya shafa, amma ya nuna dalilin da ya sa manhajar riga-kafi da direbobi suke sahun gaba a jerin abin zargi a kwamfutar gida ma.

Ina Windows ke ajiye tarihin kurakuran da suka wuce?

Wuri mafi sauƙin fahimta shi ne Reliability Monitor. A rubuta perfmon /rel a akwatin Run, sai jadawali ya fito mai nuna kowace rana, da jar alama a ranar da wani abu ya faɗi, da maki daga 1 zuwa 10. Amfaninsa babba shi ne yana jera kurakurai kusa da abubuwan da aka girka ko aka sabunta, ta yadda mutum zai ga cewa jajayen alamun sun fara ne washegarin ranar da aka saka wata manhaja.

Event Viewer ya fi zurfi, kuma yana tsorata wanda bai saba da shi ba, domin ko kwamfuta mai cikakkiyar lafiya tana tara ɗaruruwan gargaɗi da jajayen layuka da ba su da wata illa. A duba abin da aka rubuta a mintunan da suka gabaci matsalar kawai, a ƙarƙashin Windows Logs sannan System. Mutane da yawa suna ganin Kernel-Power mai lamba 41 su ɗauka sun gano cutar, alhali abin da take faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Ko cire filogi aka yi, wannan lambar za a gani.

Yaya zan gane ko matsalar ta manhaja ce ko ta kayan ƙarfe?

Wannan ita ce tambayar da sauran binciken ya rataya a kanta, kuma ana amsa ta ne ta hanyar rage abubuwan da ke aiki har sai matsalar ta ɓace. Mataki na farko shi ne cire duk abin da aka jona daga waje, in ban da allon rubutu da linzami. Mataki na biyu shi ne Safe Mode, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi: a riƙe Shift a danna Restart, a bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, a sake danna Restart, sannan a danna 4, ko 5 idan ana buƙatar intanet. Idan kwamfutar ta yi sa'o'i a wannan yanayi ba ta faɗi ba, alhali a da ba ta kai haka, zargi ya karkata ga direba ko wata manhaja mai tashi tare da Windows.

Daga nan sai a rubuta msconfig a akwatin Run, a shiga Services, a sa alama a kan Hide all Microsoft services, a kashe sauran, sannan a kashe manhajojin da ke tashi da kansu daga Task Manager. Idan matsalar ta tafi, a kunna rabinsu a gwada, sannan rabin rabin, har a kai ga guda ɗaya. Hanyar na cin lokaci, amma tana kai mutum ga sunan mai laifi.

Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne tayar da kwamfutar da wata babbar manhaja daban, kamar Ubuntu ko Linux Mint, daga filashi ba tare da an girka ta ba. Idan a can ma ta daskare ko ta mutu, Windows ta fita daga zargi, sai a koma ga RAM da zafi da wuta.

Matsalar ta fara ne bayan sabuntawa. Me zan yi?

Direba ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin Windows da wani kayan ƙarfe, kamar katin hoto ko na sauti ko na Wi-Fi, kuma sabon direba ba koyaushe ne ya fi tsoho dacewa da wata na'ura ba. A Device Manager, a danna dama a kan na'urar da ake zargi, a shiga Properties sannan Driver, a zaɓi Roll Back Driver domin komawa ga na baya. Idan maɓallin a dushe yake, a sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kamar HP ko Dell ko Lenovo, ta amfani da ainihin lambar samfurinta. Manhajojin da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya sun fi jawo matsala fiye da magance ta, kuma shawarar a nan ita ce a guje su.

Sabuntawar Windows ta wata-wata tana fitowa ne a Talata ta biyu ta kowane wata, don haka idan matsalar ta fara a kwanakin da suka biyo baya, a duba Update history a cire wadda ta shigo ƙarshe, sannan a dakatar da sabuntawa na ɗan lokaci. Idan babbar sabuntawa ce da ta sauya nau'in Windows, akwai damar komawa baya cikin kwana 10. System Restore ma na mayar da saituna da direbobi zuwa wata rana ta baya ba tare da taɓa fayilolin mutum ba, matuƙar dai an kunna shi tun kafin matsalar. Dakatar da sabuntawa kada ya zama na dindindin, domin ta nan ne ake toshe ƙofofin da masu kutse ke bi.

Kwamfutar na kashe kanta ba tare da wani saƙo ba. Me ke kawo haka?

Mutuwar farat ɗaya ba tare da shuɗin allo ba kusan koyaushe zafi ne ko wuta. Masarrafa na rage gudunta idan zafinta ya kusanci digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyos, kuma idan hakan bai wadatar ba sai kwamfutar ta kashe kanta domin kariya. Alamominsa a fili suke: fanka na ihu ba ƙaƙƙautawa, ƙasan kwamfutar ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, aiki na tafiyar hawainiya kafin mutuwar, kuma idan aka kunna nan take sai ta sake mutuwa da wuri fiye da farko. Manhaja irin HWiNFO ko Core Temp na nuna ainihin zafin yayin aiki.

Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar kwamfutar cinya ya san abin da ake tararwa tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita: ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga, ta toshe hanyar gaba ɗaya, fanka na juyawa amma iska ba ta wucewa. Ana hura ta da iska mai ƙarfi bayan an kashe kwamfutar an cire wuta, ana riƙe fankar da yatsa don kada ta yi juyin da ya wuce kima. Man da ke tsakanin masarrafa da ƙarfen sanyaya shi ma yana bushewa bayan shekaru, kuma sauya shi na iya sauko da zafin sosai. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo kuwa yana toshe ramukan shan iska da ke ƙasanta.

Ta fuskar wuta, a kwamfutar tebur akwatin da ke rarraba wuta yana raunana da tsufa, sai ya gaza a lokacin da aka fi buƙatarsa, kamar yayin wasa ko tace bidiyo. Ba a buɗe wannan akwatin ko da an cire filogi, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai haɗari a cikinsa. Sauya shi ake yi ɗungurungum. A kwamfutar cinya, a gwada wata cajar mai ƙarfin da ya dace. Idan kuma aka ga wurin taɓawa da ke aikin linzami ya ɗago ko jikin kwamfutar ya fara rabuwa, batirin ne ya kumbura, kuma wajibi ne a daina amfani da ita har a cire shi, saboda yana iya kamawa da wuta. Inda wutar lantarki ke yawan yankewa ko hawa da sauka, UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, na kare kwamfutar tebur daga mutuwar da ke lalata fayiloli a tsakiyar rubuta su.

Yaya ake gwada RAM?

Windows na da nata magwajin: a rubuta mdsched a akwatin Run, kwamfutar za ta sake tashi ta yi gwajin. Wannan na kama manyan kurakurai, amma MemTest86, wanda ake tayarwa daga filashi, ya fi tsanantawa, kuma ana barinsa ya kammala zagaye huɗu ko da zai kwana yana yi. Kuskure ko guda ɗaya ne ya isa hujja. Idan sandunan RAM biyu ne ko fiye, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a kuma sauya musu rami, domin wani lokaci ramin ne ya lalace, wani lokaci kuma sandar ce ba ta zauna daidai ba, cirewa da mayarwa kawai take buƙata. Wanda ya kunna XMP ko EXPO a BIOS domin ƙara wa RAM gudu ya kashe shi tukuna kafin ya yanke wa sandar hukunci.

Waɗanne alamu ne ke nuna faifan ajiya ya fara mutuwa?

Fayil ya ƙi buɗewa alhali jiya ya buɗe, kwafi ya tsaya a tsakiya, kwamfuta ta daskare na daƙiƙoƙi sannan ta ci gaba, Windows ta riƙa duba faifai duk lokacin da aka kunna. A tsohon faifai mai juyawa akan ji ƙara ƙas-ƙas da ba a saba ji ba. SSD, wato faifan zamani marar sashe mai juyawa, ba shi da ƙara, kuma yana iya ɓacewa gaba ɗaya ba tare da dogon gargaɗi ba.

Faifai na ajiye bayanan lafiyarsa a tsarin da ake kira SMART, kuma CrystalDiskInfo na karanta su ya nuna Good ko Caution ko Bad. Layuka biyu ne suka fi muhimmanci a faifai mai juyawa, wato Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count. Idan adadinsu na ƙaruwa daga mako zuwa mako, faifan na kan hanyarsa ta ƙarshe, kuma babu manhajar da ke warkar da shi. Umarnin chkdsk /f na gyara tsarin fayiloli, chkdsk /r kuma na bin faifan gaba ɗaya yana neman wuraren da suka lalace, abin da kan ɗauki sa'o'i. Kada a yi na biyun kafin a kwafe bayanai. Idan faifan ya riga ya fara ƙara kuma abin da ke cikinsa na da daraja, kashe kwamfutar ya fi ci gaba da gwaji, domin kowace kunnawa na rage damar ceto.

Ana yawan ba da shawarar sfc da DISM. Me suke yi?

Suna gyara fayilolin Windows da suka lalace, misali bayan yankewar wuta a tsakiyar sabuntawa. A buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, wato Run as administrator, a fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke gyara ma'ajiyar da ake ɗauko fayiloli masu kyau daga cikinta, sannan a bi da sfc /scannow. Ba su da haɗari, amma ba sa taɓa direbobin wasu kamfanoni, balle kayan ƙarfe. Idan sfc ya gyara fayiloli yau, bayan mako guda ya sake samun wasu sun lalace, abin tambaya shi ne me ke lalata su, kuma amsar galibi faifai ce ko RAM.

Wata manhaja na cewa wani fayil na DLL ya ɓace. In sauko da shi daga intanet?

A'a. Shafukan da ke rarraba irin waɗannan fayiloli ɗaya-ɗaya ba abin amincewa ba ne, kuma fayil ɗin na iya zama na wani nau'i daban ko ya zo da cuta. Idan sunan VCRUNTIME140.dll ne ko MSVCP140.dll, abin da ake buƙata shi ne Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft. In ba haka ba, a cire manhajar a sake girka ta daga asalin mai ita. Haka hukuncin yake ga manhajojin share rajistar Windows: Microsoft ba ta goyon bayan amfani da su, kuma dubban kurakuran da suke ikirarin ganowa ba su ne ke faɗar da kwamfuta ba.

Agogon kwamfutar na komawa baya kullum, shafukan intanet kuma na ƙin buɗewa. Me ya haɗa su?

Akwai ƙaramin batir mai siffar kwabo a kan babban allon cikin kwamfuta, yawanci CR2032 mai ƙarfin volt 3, wanda ke riƙe agogo da saitunan BIOS idan babu wuta. Idan ya ƙare sai kwanan wata ya rikice, kuma burauza ta ƙi amincewa da takardun tsaron shafuka saboda a ganinta lokacinsu bai yi ba ko ya wuce. Sauya batirin ke magance duka biyun.

Saƙo ya cika allo yana cewa kwamfutata ta kamu da cuta, in kira wata lamba. Gaskiya ne?

Damfara ce. Saƙonnin kuskure na Microsoft ba sa ɗauke da lambar waya, kuma kamfanin ba ya kiran mutum haka kawai ya ce ya gano matsala a kwamfutarsa. Shafin intanet ne kawai aka tsara ya yi kama da gargaɗi. A danna Ctrl da Shift da Esc, a rufe burauzar daga Task Manager, kuma idan ta sake buɗewa kada a amince ta dawo da shafukan baya. Idan saƙonnin na leƙowa daga gefen allo ko da ba a buɗe komai ba, wani shafi ne aka taɓa ba izinin aiko da sanarwa, sai a janye izinin a saitunan burauza. Wanda ya riga ya kira lambar har ya ba su damar shiga kwamfutarsa ya cire ta daga intanet, ya sauya kalmomin sirrinsa daga wata na'ura daban, ya kuma sanar da bankinsa.

Cutar gaske ma na haddasa kurakurai masu maimaituwa, musamman a kwamfutar da aka cika da manhajojin da aka fasa makullinsu. Microsoft Defender na da binciken da ake kira Offline scan, wanda ke gudana kafin Windows ta tashi, inda cutar ba ta samu damar ɓuya ba. Kuma kada a haɗa manhajojin riga-kafi biyu masu aiki a lokaci guda, domin rikicinsu kaɗai na iya kawo daskarewa.

An yi wa kwamfutar fomat, amma matsalar ta dawo. Me ya sa?

Fomat ya zama maganin farko a hannun mutane da yawa, alhali ya kamata ya zo kusa da ƙarshe. Yana share abin da ke kan faifai ne kawai, don haka ba ya gyara RAM da ta lalace, ba ya cire ƙura, ba ya sabunta akwatin wuta. Ƙari a kan haka yana goge Minidump da tarihin kurakurai, wato shaidun da za a yi bincike da su.

Duk da haka dawowar matsalar bayan fomat bayani ne mai amfani. Idan ta dawo tun kafin a girka komai, kayan ƙarfe ne kusan tabbas, ko kuma direban da Windows ke saukowa da kanta. Idan ta dawo bayan kwanaki, a duba abin da aka mayar a tsakani, domin mutum kan sake girka ainihin manhajar da ta jawo matsalar tun farko. Haka nan a tabbatar Windows ɗin da aka girka ta fito daga Microsoft, ta hanyar Media Creation Tool da filashi mai aƙalla gigabait 8, domin nau'o'in da wasu suka yi wa kwaskwarima suka cire musu sassa suna zuwa da nasu kurakuran.

Tsufan Windows na da hannu a ciki?

Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba ta daina aiki saboda haka, amma da tafiyar lokaci sababbin manhajoji da direbobi za su daina la'akari da ita. Windows 11 kuwa na buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 da RAM aƙalla gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64, da masarrafa daga cikin jerin da aka amince da su. Wanda ya tilasta ta a kan kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗan ba, ba shi da tabbacin samun sabuntawa, kuma ya kamata ya sa wannan a lissafi idan kurakurai suka fara.

Yaushe ya kamata a kai wa mai gyara, kuma me za a faɗa masa?

Idan an ji ƙaurin ƙonewa, ko ruwa ya zuba a ciki, ko batir ya kumbura, ko kwamfutar ba ta nuna komai a allo, ba a jira. Haka kuma idan gwaje-gwaje sun nuna kayan ƙarfe ne kuma mutum bai saba buɗe na'ura ba. Kwamfutar da garantinta bai ƙare ba a fara tuntuɓar kamfanin da ya ƙera ta ko wanda ya sayar, domin buɗe ta na iya shafar garantin.

A tafi da takardar da aka rubuta lokutan aukuwar matsalar, da hotunan saƙonnin, da jerin abin da aka riga aka gwada, da cajar da ake amfani da ita. Cewa “tana mutuwa bayan kamar minti ashirin na kallon bidiyo, kuma zafinta na kai digiri 98” ya fi “tana ba ni matsala” amfani nesa ba kusa ba, kuma yana hana a fara da fomat. A faɗa masa a fili cewa kada a share faifai sai da izini. A fita daga asusun banki da na imel da ke buɗe a burauza. Idan faifan na kulle da BitLocker, wanda ke kunne da kansa a kwamfutoci da yawa na zamani, a nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 daga asusun Microsoft a rubuta shi a takarda tun kafin a miƙa ta, domin sauya babban allo ko wasu saitunan BIOS na sa Windows ta nemi wannan mabuɗin kafin ta buɗe. Idan an sauya wani sashe, a nemi a dawo da tsohon, musamman faifan ajiya, sannan a maimaita ainihin aikin da ke jawo matsalar a gaban mai gyaran kafin a karɓi kwamfutar.